Tambayoyi da Amsoshi Kan Zangunan Wi-Fi na Gida: Yadda Tsofaffin Na'urori da Sababbi Za Su Yi Aiki a Rauta Ɗaya

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan dawowa a tsakanin 'yan uwa Hausawa mazauna Makka da Jidda da Madina, musamman tun da intanet na kebul ɗin faiba da rautocin 5G suka shiga gidaje. Kukan kusan iri ɗaya ne: an kawo sabuwar rauta, wato akwatin da ke watsa Wi-Fi a gida, wayoyin samari suna gudu, amma tsohuwar wayar Hajiya, ko talabijin ɗin falo, ko kyamarar bakin ƙofa, sun daina ganin shabaka, wato Wi-Fi ɗin gidan. Matsayin da amsoshin nan suka tsaya a kansa shi ne cewa ba sai an jefar da tsohuwar na'ura ba, ba kuma sai an tauye sabuwa ba, matuƙar an ba kowace zangon da ya dace da ita.

Mene ne 2.4 da 5 da nake gani a ƙarshen sunan shabakar gidanmu?

Lambobin nan biyu zangunan rediyo ne da rauta take aika saƙo a kansu, wato gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Rautar da take da zango biyu tana ɗauke ne da rediyo biyu a cikin akwati ɗaya, kowanne yana watsa nasa siginar, dukansu kuma suna kaiwa ga intanet ɗaya da ka biya wa kuɗi. Hawa ɗaya ko ɗayan ba ya ƙara maka kuɗin wata, kuma ba ya canja kunshin da ka saya a wurin stc ko Mobily ko Zain ko Salam.

Zangon 2.4 shi ne ya fara yaɗuwa, tun daga ƙa'idar 802.11b ta shekarar 1999, shi ya sa da wuya ka sami na'urar Wi-Fi da ba ta san shi ba. Zangon 5 ya shiga gidaje sosai ne bayan ƙa'idar 802.11n ta 2009, wadda yanzu ake kira Wi-Fi 4, sannan 802.11ac ta 2013, wato Wi-Fi 5, wadda a zangon 5 kaɗai take aiki. Akwai kuma zango na uku, na 6, wanda aka ware masa tambayarsa a ƙasa.

Shin 5G ɗin da ke jikin sunan Wi-Fi shi ne 5G na layin waya?

A'a, abubuwa biyu ne daban, kuma ruɗanin ya fi yawa a nan Saudiyya saboda gidaje da dama suna amfani da rautar da ake saka wa sim. 5G na layin waya shi ne ƙarni na biyar na sadarwar salula, wanda aka fara sayarwa a ƙasar nan a 2019, kuma aikinsa tsakanin turken kamfani da rautarka yake. Wanda ake liƙa wa sunan shabaka kuwa taƙaitaccen rubutun gigahaz 5 ne, aikinsa tsakanin rautarka da wayarka, a cikin gida. Saboda haka tsohuwar wayar da ba ta san 5G na salula ba tana iya hawa Wi-Fi mai 5G a sunansa, haka kuma gidan da ke kan faiba, wanda babu sim a rautarsa ko kaɗan, shi ma zai ga wannan suna.

To wanne ya fi kyau a cikin biyun?

Kowanne da inda ya fi. Zangon 2.4 ya fi zuwa nesa kuma ya fi ratsa bango, amma ƙunci gare shi: faɗinsa duka bai wuce megahaz 83 da 'yan kai ba, kuma a cikinsa Bluetooth yake aiki, a cikinsa na'urar ɗumama abinci take zubar da hayaniyarta, a cikinsa rautocin dukan maƙwabta suke. Zangon 5 yana da fili mai yawa da tashoshi masu faɗi, wato ƙananan hanyoyin da aka raba zango zuwa gare su, don haka ya fi gudu nesa ba kusa ba, sai dai ƙarfinsa yana saurin karyewa idan ya haɗu da bango. Wayar Wi-Fi 4 da ke da eriya ɗaya a zangon 2.4 ba ta wuce megabit 72 a daƙiƙa a kan tasha mai faɗin megahaz 20, alhali waya mai eriya biyu a Wi-Fi 5 tana iya ƙulla 866 a tasha mai faɗin 80. Abin da mutum yake samu a zahiri ya gaza waɗannan lambobi, amma tazarar tana nan.

Ginin ƙasar nan yana da tasiri a wannan lissafi. Gidajen siminti da bulo da rodi suna cin siginar 5 ƙwarai, ta yadda bango biyu ko uku sun isa su mayar da shi abin tausayi. A shagga, wato sashen zama a gidan bene, mai ɗaki uku, za ka iya samun wayar da ke falo kusa da rauta tana sauke bidiyo ba tsayawa a kan 5, amma da ka shiga ɗakin ƙurya ka rufe ƙofa sai sandunan su koma ɗaya, kiran bidiyo zuwa Kano ya fara daskarewa. A wannan ɗakin 2.4 ya fi amfani duk da jinkirinsa. A ganina kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar babbar lamba a matsayin mafi kyau a ko'ina, har mutum ya tilasta wa kowace na'ura hawa 5 sannan ya riƙa zargin kamfani.

Yaya zan gane ko na'urata tana iya hawa zangon 5?

Hanya mafi sauƙi ita ce ka raba sunayen zangunan, kamar yadda aka bayyana a tambayar raba suna da ke ƙasa, ka tsaya kusa da rauta ka duba jerin shabakokin da na'urar take gani. Idan sunan 5 bai fito ba alhali yana fitowa a wata wayar, to akwai yiwuwar ba ta da shi, ko da yake ya kamata ka karanta amsar da ke magana a kan ɓacewar zangon 5 kafin ka yanke hukunci. Hanya ta biyu ita ce duba kwali ko takardar bayani: idan an rubuta b/g/n kawai, galibi 2.4 ne kaɗai, idan kuwa ka ga a ko ac a cikin haruffan, tana da 5.

Shekarun na'ura suna ba da haske amma ba su isa hujja ba. Wayar iPhone ta sami zangon 5 tun daga iPhone 5 na 2012, yayin da PlayStation 4 na farko, na 2013, bai san komai ba sai 2.4, sai nau'o'in Slim da Pro na 2016 suka zo da 5. A ɗaya ɓangaren, har yau ana sayar da sababbin wayoyi masu sauƙin kuɗi da talabijin da firintoci waɗanda 2.4 kawai suke da shi, saboda mai ƙera su ya rage tsada ta nan.

Na sayi sabon mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai Wi-Fi da sabuwar kyamara, amma sun ƙi haɗuwa. Ba sababbi ba ne?

Sababbi ne, amma mafi yawan kayan gida irin waɗannan, da suka haɗa da mukayyif da kyamara da soket da fitilu da makullin ƙofa, an ƙera su ne da ƙaramin guntu mai arha wanda zangon 2.4 kaɗai yake ji. Wannan ba aibi ba ne. Saƙon da mukayyif yake karɓa bai wuce kunna ko kashe ko rage sanyi ba, kuma sau da yawa yana maƙale a bango nesa da rauta, inda 2.4 ne zai kai gare shi.

Matsalar takan faru ne a lokacin haɗawa. Manhajar kamfanin tana ɗaukar sunan shabakar da wayarka take kai ta miƙa wa na'urar, to idan wayar tana kan 5, sai ta miƙa sunan da na'urar ba za ta taɓa gani ba, ma'aunin ya yi ta juyawa har ya ce an kasa. Maganin shi ne ka mayar da wayarka kan 2.4 kafin ka fara. Idan rautar ta haɗe zangunan a suna ɗaya, ka kashe 5 na 'yan mintuna, ka haɗa na'urar, sannan ka mayar da shi. Bayan an gama, wayarka tana iya komawa 5 ta ci gaba da sarrafa mukayyif ɗin, domin zangunan biyu a gida ɗaya suke haɗuwa a cikin rauta. Idan duk da haka ta ƙi, duba amsar tambayar wayar mahaifiya da ke ƙasa, wadda ke bayani a kan tsarin tsaro na WPA3.

Ya fi kyau in bar zangunan a suna ɗaya ko in raba su?

Yawancin sababbin rautoci suna zuwa da zangunan a haɗe ƙarƙashin suna ɗaya, da wani tsari da ake rubuta wa Smart Connect ko Band Steering, a wasu rautocin Huawei kuma 5 GHz preferred. Manufarsa ita ce rauta ta riƙa tura kowace na'ura zuwa zangon da ya fi mata. Ga gidan da duk wayoyinsa na 'yan shekarun nan ne, wannan tsari yana da daɗi, domin mutum zai tashi daga falo zuwa ɗaki wayar ta sauya da kanta bai sani ba.

Inda yake kawo cikas shi ne gidan da aka cakuɗa tsoho da sabo. Wasu rautoci suna turawa ne ta hanyar yin jinkirin amsa wa na'ura a 2.4, ko su cire ta don ta sake neman shiga, tsohuwar na'ura kuma ba ta fahimtar wannan sai ta ɗauka an kore ta. Akwai kuma akasin haka, inda sabuwar waya take maƙalewa a 2.4 tun daga bakin ƙofar imara, wato gidan bene mai gidaje da yawa, ta ƙi sauka ko da an zauna dab da rauta.

Shawarar da na fi natsuwa da ita ga gida mai cakuɗe ita ce ta tsakiya. A bar babban suna a haɗe domin wayoyi da kwamfutocin zamani, sannan a buɗe suna na biyu wanda yake a 2.4 kaɗai domin tsofaffin na'urori da kayan gida. Rautoci da yawa suna ba da damar hakan ta shabakar baƙi, wasu sababbi ma suna da wuri na musamman mai suna IoT. Idan rautarka ba ta da wannan dama, ka raba zangunan gaba ɗaya, ka ba kowanne sunansa, sannan a kan talabijin da kwamfutar da ba sa motsi ka ajiye suna ɗaya tak, wanda ya dace da inda suke.

Ta ina ake shiga a canja waɗannan abubuwa?

Ka juya rautar ka duba takardar da ke liƙe a ƙasanta ko bayanta. A nan za ka ga adireshin shiga, wanda yawanci 192.168.1.1 ne ko 192.168.0.1, a rautocin Huawei masu sim 192.168.8.1, a na faiba kuma sau da yawa 192.168.100.1, tare da suna da kalmar sirrin mai kula. Ka rubuta adireshin a burauzar wayar da ke kan shabakar, ka nemi sashen WLAN ko Wireless. Kalmar sirrin mai kula daban take da ta Wi-Fi, kuma ya kamata a canja ta idan har yanzu ta kamfani ce. Kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoton shafin yadda ka same shi, kuma ka riƙa canja abu ɗaya a lokaci guda kana gwadawa, domin idan ka canja biyar tare ba za ka san wanne ya gyara ko ya ɓata ba. Wasu rautocin kamfani an rufe wasu saitunansu, a irin wannan hali sai a kira kamfanin ko a saka rauta ta biyu a bayan tasu.

Tsohuwar wayar mahaifiyarmu tana cewa kalmar sirri ba daidai ba ce, alhali daidai muka rubuta. Me ke faruwa?

Mafi yawan lokuta tsarin tsaro ne ya sha bamban. WPA2 ya fito a 2004, kusan kowace na'ura da ke aiki a yau ta san shi, WPA3 kuwa a 2018 ya fito, kuma wayoyi sun fara fahimtarsa ne daga Android 10 da iOS 13. Idan sabuwar rauta tana kan WPA3 zalla, wayar Hajiya ba za ta shiga ba, kuma da yake ba ta da kalmar da za ta bayyana dalili, sai ta ɗora laifin a kan kalmar sirri. Akwai tsarin haɗaka na WPA2/WPA3 wanda ya kamata ya karɓi kowa, amma wasu tsofaffin na'urori ko shi ba sa jurewa. Saboda haka a sunan da aka ware wa tsofaffi a zaɓi WPA2 tare da AES, wato salon kulle saƙo, a bar WPA3 ga sunan sababbi. Firintocin da aka saba haɗawa da maɓallin WPS su ma suna buƙatar WPA2, domin WPS ba ya aiki da WPA3.

Kada a sauka ƙasa da haka. Tsohon tsarin tsaro na WEP an daɗe da karya shi, tsohon salon kulle saƙo na TKIP kuma, ban da rauninsa, yana daƙile gudun haɗin zuwa megabit 54. Na'urar da ba ta san komai ba sai WEP ta cancanci kebul ko hutu, ba a buɗe mata ƙofar gida gaba ɗaya.

Idan kuma wayar ba ta ma ganin sunan, akwai wurare uku da za a duba. Na farko tasha: idan rauta ta zaɓi 12 ko 13 a zangon 2.4, na'urorin da aka ƙera don kasuwar Amurka ba sa ganinsu, sai a mayar da ita 1 ko 6 ko 11. Na biyu yanayin ax, wato Wi-Fi 6: wasu tsofaffin kwamfutoci, musamman masu katin Wi-Fi na Intel da ba a sabunta manhajar direbansa ba, ba sa ganin shabakar Wi-Fi 6 har sai an sabunta ko an mayar da 2.4 yanayin g/n. Na uku sunan kansa: suna da haruffan Larabci ko alamomin ado yana rikita tsofaffin na'urori, gara a rubuta shi da haruffan boko da lambobi kawai, kuma kada a ɓoye shi.

Gaskiya ne cewa tsohuwar na'ura ɗaya tana rage wa kowa gudu?

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma a kan zangon da take kaɗai. A tasha ɗaya na'urori suna karɓa-karɓa ne, kamar majalisar da mutum ɗaya yake magana sauran su saurara: idan mai jan magana ya karɓi zance, kowa sai ya jira shi ya kai aya. Na'urar da ke aika saƙo a hankali, ko don tsufa ko don nisa da rauta, tana cin lokacin iska mai yawa kafin ta gama abin da sabuwa za ta gama cikin ƙiftawar ido. Wannan ne babban dalilin kwashe duk na'urar da za ta iya zuwa zangon 5, domin tsohon talabijin da ke jan bidiyo a 2.4 ba ya taɓa yaron da ke darasi a manhajar Madrasati a kan 5.

Abu ɗaya da yake taimakawa shi ne kashe yanayin b, wato tsohuwar ƙa'idar 802.11b, wanda iyakarsa megabit 11 ne, a bar g/n ko abin da ya fi, tun da da wuya a sami mai buƙatarsa a yau. Idan rautar tana da Airtime Fairness, wato saitin da ke raba lokacin iska daidai tsakanin na'urori, ana iya gwada shi, sai dai wasu kayan gida suna yawan yankewa idan yana kunne, don haka a lura da kyamarori bayan an kunna.

A imararmu ina ganin shabakoki sun fi ashirin. Wace tasha zan zaɓa?

A zangon 2.4 tashoshi 13 ne, amma tazarar da ke tsakanin kowace da mai bi mata megahaz 5 ce kawai, alhali kowace tana buƙatar faɗin 20, don haka suna hawa kan juna. Uku ne suke zama ba tare da sun taɓa juna ba: 1 da 6 da 11. Mutane sukan zaɓi 3 ko 9 suna ganin babu kowa a wurin, amma hakan ya fi muni, domin rautoci biyu da ke tasha ɗaya suna jin juna suna jiran juna, waɗanda suka hau gefen juna kuwa hayaniya kawai suke yi wa juna. Ka sauke manhajar duba Wi-Fi a wayar Android, ka ga wacce a cikin ukun maƙwabta na kusa ba su cika ba, ka tsaya a kanta. A duba da dare, lokacin da kowa ya dawo gida.

Faɗin tashar 2.4 kuma a tsayar da shi a 20. Faɗin 40 yana cinye rabin zangon, a cikin imara mai cunkoso ba abin da yake ƙarawa sai yankewa, kuma cutarwa ce ga maƙwabci. A zangon 5 faɗin 80 ya dace da yawancin gidaje, idan cunkoso ya yi yawa a sauko 40.

Zangon 5 yana ɓacewa na ɗan lokaci, ko kuma talabijin ba ya ganinsa alhali wayoyi suna gani. Rautar ce ta lalace?

Ba lallai ba ne. Tashoshi daga 52 zuwa 64 da kuma daga 100 zuwa 140 ana tarayya a kansu da na'urorin radar, irin na hasashen yanayi da makamantansu, kuma doka ta wajabta wa rauta ta saurara na kimanin minti ɗaya kafin ta fara watsawa a kansu, sannan ta tashi nan take idan ta ji radar. Wannan tsari shi ake kira DFS, kuma shi ne yake sa 5 ya makara bayan an kunna rauta, ko ya yanke ba zato. Bugu da ƙari, tsofaffin talabijin da akwatunan kallo da yawa ba su san waɗannan tashoshi ba sam. Idan kana fama da ɗaya daga cikin biyun, ka cire zaɓin tasha daga atomatik ka tsayar da ita a 36 ko 40 ko 44 ko 48, waɗanda kusan duk na'urar da ke da 5 take gani.

Mene ne zangon 6, kuma ya kamata in sayi rautar Wi-Fi 6E ko Wi-Fi 7?

A 2021 hukumar sadarwa ta Saudiyya, wadda a lokacin ake kira CITC yanzu kuma CST, ta buɗe dukan zangon gigahaz 6 ga Wi-Fi, daga megahaz 5925 zuwa 7125, wato fili mai faɗin 1200, abin da ya sa ƙasar ta riga sauran ƙasashen yankin. Amfaninsa shi ne babu tsohuwar na'ura ko ɗaya a cikinsa, kuma WPA3 wajibi ne a can. Sai dai ya fi 5 saurin karyewa a bango, kuma na'urori masu Wi-Fi 6E ko Wi-Fi 7 ne kawai suke shigarsa, irin su Galaxy S21 Ultra na 2021 da iPhone 15 Pro na 2023. A lura cewa Wi-Fi 6 marar harafin E ba ya shiga zangon 6 duk da kamannin suna.

Idan a gidanku waya ɗaya ce take da shi, kuma kunshinku bai wuce megabit 100 ko 200 ba, kuɗin ya fi amfani a gyaran wurin rauta ko jan kebul, kamar yadda amsa ta gaba ta nuna. Wanda ya riga ya saya kuma ya kula da abu ɗaya: haɗe zanguna uku a suna ɗaya yakan tilasta WPA3, daga nan sai matsalar da aka bayyana a tambayar wayar mahaifiya ta taso, don haka sunan tsofaffi na daban ya zama dole.

Gidanmu hawa biyu ne, ko 2.4 ba ya kaiwa sama da kyau. Mene ne mafita?

A fara da wurin rauta, domin babu saitin da zai gyara rautar da aka ajiye a mugun wuri. Sau da yawa ma'aikacin kamfani yakan kafa ta a inda faiba ta shigo, a lungun bakin ƙofa ko a majalisar baƙi da ke gefe guda, wani lokaci ma a cikin akwatin ƙarfe na bango, daga baya kuma a turo kabad a gabanta don kada kebul-kebul su ɓata ado. Ana so ta kasance a tsakiyar gida, a ɗage daga ƙasa kamar tsayin kafaɗa, a fili, nesa da madubi da firji da na'urar ɗumama abinci. Zafi ma abin lura ne a ƙasar da bazara take wuce digiri 40: rautar 5G da aka jingina a taga don ta kama turke, rana tana dukanta, takan rage gudu ko ta sake kunna kanta.

Tsakanin hawa da hawa kuwa akwai dakalin siminti mai rodi, wanda ba a cika cin nasara a kansa ba. Mafita ta gaskiya ita ce a ja kebul zuwa sama a saka na'urar watsawa ta biyu, ko a sayi tsarin mesh, wato na'urorin watsawa da yawa masu aiki tare a suna ɗaya, a haɗa rassansa da kebul. Ƙaramar na'urar ƙara sigina da ake cusawa a soket tana karɓa ne tana sake aikawa a rediyo ɗaya, don haka gudun yakan ragu da kusan rabi, kuma idan an saka ta a inda siginar ta riga ta mutu, sandunan waya za su cika amma intanet ba zai motsa ba. Talabijin da na'urar wasan yara da ke kusa da rauta su ma a ba su kebul, iska ta sami sauƙi.

Tun da 5 ya fi gudu, in kashe 2.4 gaba ɗaya mana?

Sai idan ka tabbata babu na'ura ko ɗaya da ta dogara da shi, kuma 5 yana kaiwa kowane lungu. Wannan yana yiwuwa ga ɗalibi mai ɗaki ɗaya da waya da kwamfuta, amma da wuya ya yiwu a gidan iyali. Ka shiga jerin na'urorin da ke haɗe a shafin rauta ka ga su wa ke kan 2.4 kafin ka yanke shawara.

Lokacin Hajji da Umara gidanmu yana cika da baƙi daga gida. Wane suna zan ba su?

Ka buɗe musu shabakar baƙi mai kalmar sirrinta daban, kuma ka tabbata tana da 2.4 tare da WPA2, domin wayoyin da 'yan uwa suke zuwa da su daga Najeriya da Nijar da Sudan sun bambanta ƙwarai, wasu ƙananan nau'o'in itel da Tecno ba su da zangon 5. Dattijon da ya sauka a gajiye yana son ya buɗe manhajar Nusuk ta Hajji da Umara ko ya sanar da iyali ya iso lafiya bai kamata a tsaya ana gwada masa saituna ba. Shabakar baƙi tana kuma raba wayoyinsu da kyamarori da firintar gida, kuma idan rautar tana da wurin iyakance gudu, a saka iyaka don kada mutum goma masu tura bidiyon Harami su tsayar da aikin masu gida. Abin lura shi ne, idan ka riga ka yi amfani da shabakar baƙi wajen ajiye kayan gida kamar yadda aka ba da shawara a tambayar raba suna, to ka buɗe ta biyu idan rautar ta yarda, kada baƙi da kyamarori su zauna a suna ɗaya.

Idan a waje kuke kuma kana raba musu intanet daga wayarka, ƙa'idar ba ta canja ba. A iPhone 12 zuwa sama ka kunna Maximize Compatibility don rabon ya koma 2.4, a Android kuma akwai wurin zaɓen zango a cikin saitin hotspot.

Za mu canja kamfani ko rauta. Dole ne mu sake haɗa kowace na'ura daga farko?

Ba dole ba ne. Na'urori suna gane shabaka ne da sunanta da kalmar sirrinta da irin tsaronta, ba da akwatin ba. Idan ka ba sabuwar rauta ainihin sunan tsohuwar da kalmar sirrinta, harafi da harafi, babba a wurin babba ƙarami a wurin ƙarami, kuma ka bar tsaron 2.4 a WPA2, mukayyif da kyamarori da firinta za su hau da kansu ba tare da an hau tsani an danna musu maɓalli ba. Ka rubuta sunaye da tashoshi da faɗin da ka tsayar a tsohuwar kafin ma'aikacin kamfani ya tafi da ita, kuma ka kashe ta kafin ka kunna sabuwar don kada suna ɗaya ya fito daga wuri biyu. Na'urar da ta ƙi hawa bayan haka, a cire ta daga wuta a mayar, idan ta ci gaba da ƙi sai a bi matakan da ke cikin amsar WPA3 ɗaya bayan ɗaya.